Ubangiji yana cikin guguwa ko ba ya ciki? Fashin baƙi kan ayoyin da ake cewa suna karo da juna

Idan annabi Nahum ya ce hanyar Ubangiji tana cikin guguwa da hadari, littafin Sarakuna na ɗaya kuma ya ce Ubangiji ba ya cikin iska, ba ya cikin girgizar ƙasa, ba ya cikin wuta, wanne za a kama? Idan Farawa ta ce da magana kawai aka yi teku, Zabura kuma ta ce sai da aka farfasa kawunan dodanni a cikin ruwa, wace ce ta faɗi yadda abin ya kasance?

Wani saurayi daga cikin mawaƙan majami'armu ne ya tare ni da wannan tambaya bayan sujadar Lahadi, a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa. Ya miƙo mini waya mai tsagaggen gilashi, da hoton da ke yawo a WhatsApp: ayoyi biyu-biyu, kowace a gaban abokiyar karonta, an ja musu jan layi. Ya ce, "Baba, abokina ne ya turo. Kwana uku ke nan na rasa abin da zan ce masa." Na duba ayoyin ɗaya bayan ɗaya, babu wadda aka ƙirƙira, duk suna cikin Littafin. Don haka na ce masa, "Ɗana, zauna, wannan ba maganar tsaye ba ce."

Mene ne saɓani, mene ne kuma siffantawa?

Saɓani na haƙiƙa shi ne a tabbatar da abu a kuma kore shi, a lokaci ɗaya, da ma'ana ɗaya. Wanda ya ce an yi ruwa a garinsu jiya da la'asar, ya koma ya ce ko ɗigo bai sauka ba jiya da la'asar, ɗaya daga cikin maganganunsa ƙarya ce. Siffantawa kuwa daban take, kuma Bahaushe ya fi kowa saninta. Makaɗin fada zai kira sarki giwa, ya kira shi zaki, ya kira shi bango, ya kira shi hadari, duk a waƙa ɗaya. Ba a taɓa jin wani ya miƙe a taron ya ce giwa ba ta zama bango ba. Kowa ya san kirari ake yi, kowace kalma tana kamo wani gefe na girman mai girma.

Littafi Mai Tsarki tarin littattafai ne, 66 a ƙidayar yawancin majami'unmu, waɗanda aka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru. Akwai tarihi, akwai shari'a, akwai wasiƙu, akwai kuma waƙa mai yawan gaske. Mafi yawan ayoyin da ke magana kan ikon Allah a kan teku da iska da duwatsu daga waƙa suka fito: Zabura, Ayuba, Ishaya, Nahum. Wannan kaɗai ya warware kusan rabin abin da ke cikin wancan hoton. Amma rabi ne kawai, kuma ba na son mu fake da "ai waƙa ce" mu tsallake sauran.

Dodon teku: an yi yaƙi ko ba a yi ba?

Nan ne maganar ta fi nauyi. A Farawa sura 1, Allah yana magana abu yana kasancewa. Babu abokin gaba, babu kokawa. A rana ta biyar aka halicci manyan dodannin ruwa tare da kifaye da tsuntsaye, aka kuma ce yana da kyau. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a aya ta 21 ita ce "tannin".

To, wannan kalmar ce dai ta sake fitowa a Zabura 74:13-14, inda mawaƙin ke cewa Allah ya tsaga teku da ƙarfinsa, ya farfasa kawunan dodanni a kan ruwa, ya ragargaza kawunan Lewiyatan, wato babban dodon teku. A lura, kawuna aka ce, ba kai ɗaya ba. Ishaya 51:9 ya tuna da ranar da aka daddatsa Rahab, wani sunan dodon teku, aka soke dodon. Sai kuma Zabura 104:26 ta zo da wani hoto dabam: ga jiragen ruwa suna wucewa, ga Lewiyatan da Allah ya yi domin ya yi wasa a cikin teku. A ƙarshe Ishaya 27:1 ya ce a wata rana mai zuwa ne Ubangiji zai hukunta Lewiyatan da takobinsa. Ke nan dodo ɗaya, an ce halitta ce mai kyau, an ce an riga an kashe shi, an ce yana can yana wasa, an kuma ce ba a kashe shi ba tukuna.

Asalin wannan harshe ya fito fili ne daga ƙarƙashin ƙasa. A shekarar 1928 wani manomi a gaɓar tekun Siriya yana huɗa, garmarsa ta ci karo da dutsen wani tsohon kabari. Daga 1929 masu haƙar kayan tarihi na Faransa suka fara tono a tudun Ras Shamra da ke kusa, suka gano tsohon birnin Ugarit, wanda ya rushe wajen shekara 1200 kafin haihuwar Almasihu. Cikin allunan laka da aka samu akwai waƙoƙin Ba'al, gunkin hadari da ruwan sama na Kan'aniyawa. A cikinsu Ba'al ya yi yaƙi da Yam, wato Teku, ya ci nasara, aka gina masa fada. Akwai kuma wani maciji mai kawuna bakwai da ake kira Lotan, wanda aka yi wa laƙabi da maciji mai gudu, maciji mai murɗewa. Waɗannan laƙabai biyu su ne Ishaya 27:1 ya ba Lewiyatan. A Babila ma akwai labarin Marduk da ya kashe Tiyamat, uwar ruwan gishiri, ya tsaga gawarta biyu ya yi sama da ƙasa.

Mai karatu Bahaushe ba zai ji wannan baƙon abu ba. A Daura, labarin sarauta ya ratsa ta rijiyar Kusugu da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar da ya ga dama, har baƙon jarumi ya sare kansa. A Kan'ana da Babila ma haka harshen sarauta yake: wanda ya murƙushe dodon ruwa shi ne sarki. Mawaƙan Isra'ila sun tarar da wannan harshe a bakin maƙwabtansu, sai suka ƙwace shi suka ce kirarin nan ba na Ba'al ba ne, na Ubangiji ne. Har laƙabin "mai hawan gizagizai", wanda allunan Ugarit suka ba Ba'al, Zabura 104:3 ta mayar wa Ubangiji da ta ce gizagizai ne karusarsa.

Farawa 1 kuwa wata hanyar ta bi zuwa wuri ɗaya. Maimakon ta ce Allah ya fi dodon ƙarfi, sai ta sauke dodon daga matsayin abokin karawa ta jera shi cikin kifaye. Haka ta yi wa rana da wata, waɗanda al'ummai ke yi wa sujada: ko sunansu ba ta kira ba, ta ce babban haske da ƙaramin haske.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da ake ɗauko hoton yaƙin. Zabura 74 kuka ce. Mawaƙin yana tsaye ne a kan kangon Haikali, yana ba da labarin yadda abokan gaba suka sassare sassaƙaƙƙen katako da gatura suka cinna wa wurin wuta, abin da akasarin masana ke dangantawa da rushe Urushalima da sojojin Nebukadnezzar suka yi wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu. Ya ce babu sauran annabi, babu wanda ya san yaushe abin zai ƙare. A tsakiyar wannan kukan ne ya tuna wa Allah da kawunan Lewiyatan. Ishaya 51 ma ga kamammu yake magana, kuma da "farka, farka" ya fara kiran hannun Ubangiji. Wanda duniyarsa ke zaune lafiya yana iya rera Zabura 104, ya ga dodo yana wasa. Wanda aka ƙone garinsa ya san dodon yana da haƙora, don haka yake roƙo a sake yin abin da aka yi a dā.

Ayuba 38 ta ƙara wani hoto da ba a cika ambata ba. A can teku jariri ne da ya fito daga ciki da ƙarfi, Allah ya yi masa riga da gajimare, ya naɗe shi da duhu kamar zanen goyo, sannan ya sa masa ƙofa da sakata ya ce iyakarka ke nan. Ba a kashe shi ba, an yi masa iyaka ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogi a watan Agusta ya san bambancin.

Iliya a bakin kogo

Sai maganar guguwa. Zabura 29 ta ambaci muryar Ubangiji sau bakwai: tana kan ruwaye, tana kakkarya itatuwan al'ul na Lebanon, tana girgiza jejin Kadesh. A Fitowa 19, Dutsen Sina'i ya turnuƙe da hayaƙi, ga tsawa ga walƙiya. Daga cikin guguwa aka amsa wa Ayuba. To me ya sa 1 Sarakuna 19 ta ce Ubangiji ba ya cikin iska da girgiza da wuta?

Sai an koma sura ta 18. Isra'ila ƙasa ce ta noman damina. Maimaitawar Shari'a 11 ta kwatanta ta da Masar, inda ake ban ruwa daga kogi, ta ce ita wannan ƙasar daga sama take sha. Manomin da abincin shekararsa ke rataye da hadari, idan aka ce masa ga gunkin da ke riƙe da ruwa, jarabar mai ƙarfi ce. A zamanin sarki Ahab da matarsa Yezebel bautar Ba'al ta samu gindin zama a fada. Fari ya shiga shekara ta uku, annabi Iliya ya kira annabawan Ba'al 450 zuwa Dutsen Karmel, wuta ta sauko a kan hadayarsa, sannan ɗan gajimare kamar tafin hannu ya taso daga teku, aka sheƙa ruwa. An doke Ba'al a filinsa, da makamansa.

Amma zuciyar fada ba ta juya ba. Yezebel ta yi rantsuwa za ta kashe shi, Iliya ya gudu, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya roƙi mutuwa. Bayan tafiyar kwana arba'in ya isa Horeb, wato Sina'i ɗin nan dai na Musa. A nan iska ta tsattsaga duwatsu, ƙasa ta girgiza, wuta ta wuce, aka ce Ubangiji ba ya cikinsu. Sai wata 'yar siririyar murya, wadda Ibranancinta ya fi kusa da "sautin shiru mai laushi". Da jin ta Iliya ya rufe fuskarsa da mayafi ya fito bakin kogon.

Ayar ba doka ta kafa ba cewa Allah ba ya taɓa zuwa cikin hadari. Labarin wata rana ce, da wani mutum da ya ga wuta ta sauko daga sama amma bai ga tuba ba. Kuma tana tsare wani abu mai muhimmanci: da an tsaya a Karmel, da sai mutane su ɗauka Ubangiji wani Ba'al ne da ya fi ƙarfi. Horeb ta nuna yana aiko da iska, amma shi ba iska ba ne.

Ginshiƙan duniya, hutu, da karusan ƙarfe

Wasu daga cikin ayoyin hoton ba sa buƙatar dogon bayani. Ayuba 9:6 ta ce duniya tana da ginshiƙai, Ayuba 26:7 ta ce an rataye ta ba a kan komai ba, Zabura 24:2 ta ce a kan tekuna aka kafa ta. Littafi ɗaya ya ɗauki biyun farko bai ga damuwa ba, domin ba darasin kimiyya yake bayarwa ba. A nan ina da magana da 'yan'uwana masu wa'azi: wanda ya ɗaga Ayuba 26:7 ya ce ga kimiyyar zamani a cikin Littafi, ya sani aya huɗu kacal a gaba an ce ginshiƙan sama suna rawar jiki. Ma'aunin da ka auna ta farkon da shi za a auna maka ta biyun.

Hutun rana ta bakwai ma haka. Ishaya 40:28 ya ce Mahalicci ba ya gajiya. Kalmar da ke Farawa 2 ma'anarta dainawa, daga gare ta Asabar ta samo suna. Sai dai gaskiya Fitowa 31:17 ta ƙara da kalmar da ke nufin shaƙatawa, kuma wannan siffanta Allah ne da halin ɗan Adam, a wurin da ake koya wa mutane su huta. 'Yan'uwa Musulmi sukan kawo ayar Suratu Ƙaf da ta ce wata gajiya ba ta shafe Shi ba bayan halitta cikin kwana shida. Kirista da Bayahude ba su da ja a kan wannan, abin da Ishaya ya faɗa ke nan.

Mahukunta 1:19 ce ta fi yawo: Ubangiji yana tare da Yahuza, wato kabilar Yahuza, amma ba a iya korar mazaunan kwari ba saboda suna da karusan ƙarfe. Yahuza ne ya kasa, sura ta 2 kuma ta ɗora laifin kan rashin biyayya. Sura biyu a gaba, Sisera, shugaban sojojin Kan'aniyawa, ya fito da karusan ƙarfe 900, waƙar Debora ta ce gizagizai sun zubo da ruwa, kogin Kishon ya kwashe su, jarumin ya sauka ya gudu da ƙafa.

Yadda masana suka rabu

Ɓangare na farko su ne masu cewa duk salon magana ne. Tsofaffin malaman Yahudawa suna da ƙa'idar cewa Attaura da harshen 'yan Adam take magana. John Calvin, a ƙarni na 16, ya kwatanta abin da yadda mai reno ke sassauta harshe idan tana yi wa jariri magana. Malaman Musulunci ma sun daɗe suna tattauna yadda za a fahimci ayoyin da suka ambaci hannu ko Al'arshi, don haka tambayar ba ta addini ɗaya ba ce.

Na biyu su ne masu nazarin tarihin nassi, tun daga Bajamushe Hermann Gunkel da ya yi rubutu kan wannan batu a 1895. Su suna ganin muryoyi ne na zamani daban-daban: tsofaffin waƙoƙi sun riƙe hoton yaƙi, marubutan baya suka tace shi. Na uku su ne masu suka, da ke cewa aro daga Kan'ana ya nuna littafin aikin mutane ne kawai. Ga nawa ganin, aron harshe ba ya tabbatar da haka. Duk mai wa'azi da Hausa yana cewa "Ubangiji", kalmar da asalinta uban gida ne, ba wanda ya ce don haka saƙonsa ya zama na gargajiya.

Na farkon ma ina ganin sukan yi saurin share wuri. Bayan an cire kirari, an cire bambancin zamani, akwai tambayar da ta rage: shin an gama cin nasara a kan ɓarna, ko ana jira? Littafin ya amsa da duka biyun, kuma da gangan ya bar su haka. Farawa ta ce babu mai ja da Shi. Masu kuka a Zabura suka ce to me ya sa ruwa ya kai mana wuya, har Zabura 44:23 ta ce masa Ya farka, alhali Zabura 121 ta ce ba Ya gyangyaɗi. A Markus 4 an haɗa su cikin jirgi ɗaya a Tekun Galili: Yesu yana barci a kan matashi, almajirai suna ta da shi suna tambaya ko bai damu su hallaka ba, ya tashi ya tsawata wa iska. Sai a Wahayin Yahaya 21:1, daf da ƙarshen Littafin, aka ce babu sauran teku.

Abin da wannan ke jawo wa talaka

Wannan muhawara ba ta tsaya a waya ba, tana shiga gidan makoki. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024, da lokacin ambaliyar Mokwa a Mayun 2025, an ji masu cewa zunubin mutanen wurin ne ya jawo. Mai faɗin haka yana da ayoyin da zai jingina da su. Amos 4:7 ya ce an hana ruwa saura wata uku girbi, an yi wa wani gari ruwa an hana wani, domin mutane su juyo. Ba za a goge wannan daga Littafin ba.

Amma Amos annabi ne da aka aika wa wata al'umma da saƙo a kan wani fari. Ni da kai ba a aiko mu da bayanin kowace ambaliya ba. Kuma Littafin da ya ɗauki Amos shi ya ɗauki Matiyu 5:45, inda rana ke fitowa ga mugu da nagari, ruwa ke sauka ga mai adalci da marar adalci. Shi ya ɗauki Ayuba 38:26, inda Allah ke zuba ruwa a jejin da babu ɗan Adam ko ɗaya, ruwan da ba lada ba ne ba kuma horo ba. Da aka zo kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, Yesu ya tambaya ko sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya amsa da kansa ya ce a'a, ya juya gargaɗin tuba kan masu sauraronsa.

Wanda ya riƙe hoto ɗaya tak, na Allah mai jifa da aradu, zai tsaya a gaban matar da ɗakinta ya rufta da 'ya'yanta ya ƙara mata nauyi a kan nauyi. Zai kuma sauƙaƙa wa masu alhaki, domin idan an gama cewa hukunci ne, wa zai tambayi yadda aka kula da madatsa, ko wanda ya ba da izinin gini a kan hanyar ruwa, ko dalilin da magudanai suka cushe? Wanda kuma ya riƙe hoton siririyar murya kaɗai, ranar da ruwa ya shigo masa ɗaki da tsakar dare ba shi da kalmar da zai yi kuka da ita, alhali Zabura cike take da irin waɗannan kalmomi.

Na ce wa saurayin nan ya je ya karanta Ayuba daga farko har ƙarshe kafin ya amsa wa abokinsa. 'Ya'yan Ayuba goma iska ce daga jeji ta rushe gida a kansu, tumakinsa wuta ce daga sama ta cinye, kuma tun sura ta farko an shaida shi mutum ne marar aibu. Abokansa uku suka zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki, sai suka shafe surori suna nuna masa cewa bala'i ba ya sauka banza, lalle akwai abin da ya yi. Ayuba kuwa ya yi ta jayayya, har ya tambayi Allah ko shi teku ne ko dodon ruwa da za a sa masa masu gadi. A sura ta 42 Ubangiji ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya game da Shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ya umarce su su kawo bijimai bakwai da raguna bakwai, su je wurin mutumin da suka tuhuma, shi zai yi musu addu'a.